Mazubin ruwan sukarin hamingbad: na faranti ya fi na kwalba

Idan kuna zaune a Amurka ko Kanada, kuna da 'yar baranda ko ɗan lambu, kuma kuna son rataya wa hamingbad, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai shan ruwan fure, mazubin ruwan sukari, ku sayi irin mai fasalin faranti da murfi. Na kwalba ku bar shi a kanti, komai kyansa. Duka biyun na yi aiki da su a gidanmu da ke gefen Houston a jihar Teksas, cikin zafin nan na bakin teku mai haɗe da gumi, kuma yau irin farantin ne kaɗai ke rataye a barandata. Ba zan ambaci kamfani ba, don kamfanoni da yawa ke yin kowane irin. Bambancin yana ga ƙirar, ba ga tambarin da aka manna ba.

'Yan uwa da ke gida sukan tambaye ni ko akwai tsuntsun nan a wajenmu. Babu. A nahiyar Amurka kaɗai Allah Ya ajiye shi, daga Alaska har ƙarshen kudancin Chile da Ajantina, iri sama da 350, akasarinsu a ƙasashe masu zafi irin su Ekwado da Kolombiya. Ƙananan tsuntsayen nan masu sheƙi da lanƙwasasshen baki da muke gani a gida suna bin furen kauci, kama ce kawai suka yi, ba dangi ba ne. Su galibi sai sun sauka a reshe suke sha. Shi kuwa wannan a iska yake tsayawa cak, ya yi gaba, ya ja da baya, ya yi gefe, ba tare da ya juya jikinsa ba. Irin da ya fi zuwa mana a nan shi ne mai jan maƙogwaro. Nauyinsa giram uku zuwa huɗu, yana kaɗa fiffike kusan sau 50 a sakan ɗaya, kuma sau da yawa gunjin fiffiken nan za ka fara ji kafin idonka ya kai kansa.

Na kwalbar dala goma sha biyu na saye shi. Gilashi ne mai cin kusan lita guda, gindinsa jar roba mai kafofi huɗu, kowace kafa an manna mata furen roba ruwan ɗorawa. A ido ba shi da makusa, in rana ta doke shi har walƙiya yake. Aikinsa irin na mazubin ruwan kaji ne: a cika kwalba, a ɗaura gindi, a kifa, ruwan ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ake sha. Da safe lafiya lau. Amma da rana ta take, iskar da ta maƙale a saman kwalbar sai ta yi zafi ta kumbura, ta turo ruwan ta kafofin. Sai ɗiga. Iska in ta kaɗa shi ma ya ɗiga. Kafin la'asar simintin da ke ƙarƙashinsa ya yi danƙo, kiyashi sun ja layi daga bango har ƙugiya, jajayen tururuwan nan na Teksas masu cizo sun cika ƙasa, yaro ba ya iya taka wurin ba takalmi. A sama kuma ƙudan zuma da rina sun mamaye kafofin, tunda ruwan ya zo har baki, lasa kawai za su yi. Na sha ganin rina guda ta kori tsuntsun daga mazubin da aka rataya dominsa. Ya dawo, ta sake taso masa, har ya haƙura ya bar wurin.

Duk wannan da sauƙi a kan wanki. Bakin kwalbar ƙarami ne, hannu ba ya shiga sai dogon buroshi. Gindin kuwa roba biyu ce aka narke aka haɗe, ba ya buɗuwa sam. Baƙar fumfuna takan kama a lungunan da ke bayan kafofin, ka haska fitilar waya ka hango ta, amma ba abin da zai kai gare ta. Na jiƙa shi a ruwan zafi, na jiƙa a ruwan kal, na girgiza da shinkafa a ciki, ta ragu amma ba ta fita ba. Mazubin da ba a iya ganin cikinsa gaba ɗaya bai cancanci a sa wa mai rai abinci a ciki ba. Kuma litar nan da ake talla da ita ba riba ba ce, don a yawancin watanni ruwan zai lalace tun tsuntsayen ba su sha rabinsa ba.

Maƙwabciyata ce ta nuna min na farantin, wata dattijuwa 'yar asalin Meziko da ta daɗe tana shayar da su. Ta sauke nata ta buɗe a gabana da hannu ɗaya. Abu uku ne kacal: tasar roba mai haske da ake ganin ruwa ta jikinta, jan murfi mai 'yan kafofi a sama, da sandar ƙarfe da ta ratsa tsakiya ta ƙare da ƙugiya. Murfin yana da ɗan da'irar da tsuntsu zai dafe, a tsakiya kuma akwai gurbi kewaye da sandar, wanda ake cika shi da ruwan famfo don kiyashin da ya biyo ƙugiya ya rasa hanya. Nawa ya haura dala ashirin kaɗan, yana cin kofi ɗaya da rabi. Ba ya ɗiga, don ba abin da ke turo ruwan. Yana zaune ne a ƙasan tasa, tsakaninsa da kafar akwai tazara.

Tazarar nan ita ce duk dabarar. Harshen ƙudan zuma gajere ne, sai ya zo ya zaga kafar, ya leƙa, ya ga ba riba, ya tafi. Hamingbad kuwa bayan dogon baki, harshensa kan zarce bakin da nisa. An daɗe ana zaton ruwan hawa yake yi da kansa ta cikin harshen, sai a 2011 wasu masana biyu a Jami'ar Connecticut, Alejandro Rico-Guevara da Margaret Rubega, suka ɗauki hoton harshen da kyamara mai saurin gaske. Suka ga kan harshen ya rabu biyu, kowane reshe da 'yan gezoji a gefe. In ya shiga ruwa sai su buɗe, in ya janye sai su naɗe su kamo ruwan. Kuma yana yin haka fiye da sau goma a sakan ɗaya.

Da yake tasar mai haske ce, ana iya ganin wannan da ido, abin da kwalba ba ta taɓa nuna min ba. Akwai wata mace da ke zuwa gari na fara wayewa, lokacin ina ɗora ruwan shayi. Macen ba ta da jan maƙogwaro, nata fari ne, bayanta kore, kan gashin jelarta da ɗigon fari. Takan tsaya a iska tukun ta dubi taga, sannan ta sauka kan da'irar, fiffiken ya tsaya, sai ka ga ashe ƙanƙantarta ta wuce yadda kake zato. Ta zura baki, ta jikin tasar kana ganin wani siririn abu fari yana shiga ruwa yana fita, fuskar ruwan tana ɗan rawa. Ta ɗago, ta fiddo harshen waje ta mayar, ta duba sama, ta koma. Autana da ke tsaye kan kujera ya lura da wani abu. Ya ce, “Umma, me ya sa in za ta je ɗaya ramin sai ta tashi sama? Ga shi nan kusa da ita.” Gaskiyarsa. Ƙafafunsu ba sa tafiya kuma ba sa tsalle, dafe reshe kawai suke yi da su, sai ɗan gusawa gefe. Ko taku biyu ne, da fiffike za ta yi shi. Namijin kuma, in ya zauna a inuwa maƙogwaronsa baƙi ƙirin za ka gani. Sai ya juya kai haske ya faɗa daidai, jan ya kama kamar an kunna shi. Launin ba rini ba ne a jikin gashin, tsarin gashin ne ke mayar da haske.

Kwalbar ta zo da ƙunshin wani jan gari wai a dama a ba su, kuma kantuna cike suke da irinsa, har da wanda aka riga aka dama a gora. Kada ku saya. Farin sukari ne aka sa wa kala aka ninka masa kuɗi, kuma tsuntsun ba ya buƙatar kalar, jan murfin ya isa ya jawo shi. Haɗin da masu kula da tsuntsaye a nan suka yarda da shi ɗaya ne: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa. Ni nakan dama da ruwan ɗumi har ya narke, in bari ya huce, ragowar in sa a firji na 'yan kwanaki. Ban da zuma, duk da mu a wajenmu zuma magani ce, don in aka sirka ta da ruwa aka bar ta a zafi tana saurin lalacewa ta haifar da fumfuna. Ban da jan sukari ko mazarƙwaila, saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsu yana taruwa a jikin tsuntsun ya cutar da shi. Ban da sukarin masu ciwon suga, wanda zaƙi ne kawai ba ƙarfi. Ruwan furannin da suke bi a daji ma akasarinsa irin sukarin rake ne, shi ya sa farin sukari ya fi kusa da abincinsu na asali. Wani abin mamaki shi ne, tsuntsaye ba su da abin jin zaƙi irin wanda ke harshenmu. Binciken da Maude Baldwin da abokan aikinta suka fitar a 2014 ya nuna cewa abin da ke jin ɗanɗanon nama a harshen kakannin hamingbad shi ne ya sauya ya koma jin zaƙi.

Ranar da na nuna wa Inna tsuntsun ta waya, sai ta ce, “Ke kuwa 'yar nan, sukarin da mutane ke nema ruwa a jallo shi kike dama wa tsuntsu?” Na ce, “Inna, rubu'in kofi ne fa, kuma matafiyi ne.” Ta yi shiru tana kallo har ya sha ya tashi, sannan ta ce to shayar da mai rai lada ne, amma in tabbata ruwan mai tsabta ne.

Tsabtar nan ita ce dalilin da ya sa na tsaya kai da fata a kan faranti. A zafin Houston na Yuli da Agusta, ruwan sukari kan fara dusashewa ya yi tsami cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Dole a zubar, a wanke, a sake. Lokacin sanyi-sanyi yana iya kai kwana uku zuwa huɗu. Wanda zai sha shi kuwa halitta ce da zuciyarta ke bugawa fiye da sau 1,000 a minti in tana tashi, wadda ke neman abinci kusan kowane minti goma zuwa sha biyar, kuma a wuni take shan ruwan fure da ya fi nauyin jikinta. Ba ta da ajiya mai yawa. Shi ya sa a daren sanyi wasunsu kan shiga wani irin dogon suma, zafin jiki ya sauka, bugun zuciya ya ragu ƙwarai, don kada abin da suka tara ya ƙare kafin asuba. A tsaunukan Andes na Peru an auna wani iri da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Celsius cikin dare, kuma da safe ya farfaɗo ya tashi. Wanda rayuwarsa ke kan wannan siraɗi, ruɓaɓɓen ruwa ba ƙaramar cuta ba ce gare shi. Farantin nan kuwa, a ɗaga murfi, a zubar, a goge da ruwan zafi, a zura ɗan buroshi a kafofin, a ɗauraye. Kafin shayi ya tafasa an gama. Lokaci-lokaci nakan jiƙa shi a ruwan kal. Abin da wankinsa ke da sauƙi shi ake wankewa kullum, ko da ranar da mutum ya dawo aiki a gajiye.

Sai Satumba. Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba masu jan maƙogwaro na gabashin Amurka da Kanada suna gangarowa kudu, za su Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma bakin tekun Teksas babban zango ne. Wasu suna bin gaɓa su zaga ta ƙasa. Wasu kuwa tsallake Tekun Meziko suke yi kai tsaye, kimanin kilomita 800, kusan awa 20 ba wurin sauka. Kafin su tashi sukan ci har nauyinsu ya kusa ninkawa da kitse. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a shekarar ba sa bin iyaye, kowa shi kaɗai yake kama hanya, hanyar da bai taɓa bi ba. Mun kai yara cibiyar Gulf Coast Bird Observatory da ke garin Lake Jackson, kudu da Houston, a irin wannan lokaci, inda masu lasisi ke kama su su sa musu zobe a ƙafa. Matar da ke aikin ta riƙe ɗaya a hannu, ta hura gashin cikinsa da tsinken shan lemo, sai ga kitsen nan rawaya ƙarƙashin fata. Ta auna shi, ta rubuta, ta ɗora shi a tafin hannun wata yarinya. Ya kwanta shiru na ɗan lokaci, sannan fit, ya ɓace. Garin Rockport da ke bakin tekun Teksas ma kowace Satumba yana bikin tsuntsayen nan. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta sauka daidai wannan yanki ta kakkaɓe ganye da furanni ana dab da zuwan tsuntsayen, sai mutane daga wurare daban-daban suka riƙa tara mazubai da sukari ana kai wa garin.

A wannan watan ne aibin farantin ke fitowa: ya yi kaɗan. Wata rana kafin azahar ya ƙafe. Kuma tsuntsun nan, duk ƙanƙantarsa, ba shi da haƙuri ko kaɗan. Namiji guda zai zauna kan reshe ya kafa wa mazubin ido, duk wanda ya matso ya bi shi a guje da tsiwa. Maganin ba babban mazubi ba ne. A ƙara ƙanana, a rataya su inda daga ɗaya ba a hango ɗaya, misali wani a baranda wani a gefen gida, don mai gadin ba zai iya tsare biyu a lokaci guda ba. Wato kuɗin ya ninka. Duk da haka a wurina kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Akwai wasu ƙananan aibobin. Tunda kafofin sama suke kallo, in aka tafka ruwa irin na Houston sai ya shiga ya sirka haɗin, dole a sake, sai dai in yana ƙarƙashin rufi. Gurbin kiyashin ƙarami ne, rana na ƙafar da shi, wasu ƙananan tsuntsayen kuma suna zuwa su shanye, don haka kullum sai an duba. Jan murfin ya fara koɗewa bayan shekara biyu a rana. Kuma da yake shimfiɗaɗɗe ne, tsuntsun da bai san gidan ba ba ya saurin hango shi daga nesa. Na ɗaura jan ƙyalle a ƙugiyar har suka saba.

Inda aka rataya shi ma abin lura ne. A inuwa, don ruwan ya jima. Sama da inda kyanwa za ta iya tsalle. Ko dai dab da taga ko nesa da ita sosai, saboda karo da gilashi na kashe su. A riƙa duba ƙoƙi-ƙoƙi kuma. Mutane ba sa yarda sai sun gani, amma babban ƙoƙi-ƙoƙi kan maƙale a jikin mazubi ya cafke hamingbad. In na ga ɗaya, nakan ɗauke shi da sanda in kai shi can ƙarshen lambu.

Mazubi ƙari ne kawai, ba shi ne abincin ba. Ruwan sukari ba ya gina jiki. Ƙananan ƙwari da gizo-gizo suke ci don wannan, kuma da su uwa ke ciyar da 'ya'yanta. Ita kaɗai ke gina sheƙa, da audugar tsirrai da yanar gizo, yadda sheƙar za ta riƙa buɗewa 'ya'yan na girma, ta saka ƙwai biyu, ta kwanta a kansu kusan mako biyu. Namiji ba ruwansa. Wanda ya rataya mazubi kuma yake feshe lambunsa da maganin ƙwari, ya ba da hannun dama ya karɓe da hagu. Wanda kuma ya san aikinsa ba zai bar shi ya riƙa wanki akai-akai ba, gara ya shuka fure ya huta. A nan Teksas akwai wani tsiro mai jan fure a naɗe da ake kira Turk's cap, ɗan gidan su kuɓewa da yakuwa ne, yana jure inuwa da zafi, kuma furensa kan yi yawa daidai lokacin ƙaura. Tun da nawa suka kama, wasu tsuntsayen sai sun gama da su suke waiwayar faranti. Mu kuma da muka saba ajiye kanari a keji, a sani cewa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana kama hamingbad ko ajiye shi a Amurka, har sheƙarsa da ƙwansa.

Wasu na cewa a sauke mazubi da kaka don kada ya hana su tafiya. Ba haka ba ne, raguwar tsawon yini ce ke tashinsu, ba ƙarewar abinci ba. Ni nakan bar guda ɗaya duk hunturu, saboda akwai wani iri mai launin jan ƙasa da ke hayayyafa can arewa maso yamma har Alaska, wanda 'yan kaɗan daga cikinsu kan yi sanyinsu a bakin tekun nan maimakon Meziko. In aka ce daren zai yi ƙanƙara, sai in shigo da farantin ciki, in mayar kafin gari ya waye, don lokacin ne wanda ya kwana a sume ya fi buƙatarsa. Masu jan maƙogwaron kuma a Maris suke fara dawowa, mazan a gaba.

In kun je kanti, ku buɗe shi da hannunku kafin ku biya. Murfin ya ɗagu gaba ɗaya, yatsa ya kai kowane lungu, tasar ta zama mai haske, kada a ga ruwan ɗorawa a jikin kafofin, kuma ya kasance da wurin dafewa da gurbin ruwa a tsakiya. Ku haɗa da ɗan siririn buroshin wanke kafofi, yawanci yana rataye nan kusa da su.